Baba Ya Tafi Bai Faɗi Mashayar Giwaye Ba

Allah ya karɓi ran Baba ranar Laraba da hantsi a gidanmu na Ƙofar Marke, kafin la'asar kuma an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, wannan babu mai musu. Abin da aka yi ta musu a kai a zaman makoki shi ne wane irin mutum aka binne.

Mahautan unguwa, waɗanda muka yi shekaru katanga ɗaya da su, cewa suka yi ba su taɓa zama da mai sakin hannu irinsa ba. Matan da suka cika tsakar gida suna ta ba ni haƙuri, amma ina jin ƙus-ƙus ɗinsu da zarar na juya baya. Gwaggonmu da ta zo daga Kalambaina ba ta ma jira na juya ba. Ta kama hannuna ta ce, "Allah shi gafarta ma ɗan'uwana, amma kainai dutse na. Mutum shi mutu da hakkin ɗanai cikin ciki?" Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don ranar ba ta faɗa ba ce, kuma ni an san ni da baki.

Kashegari tsofaffin maharba suka iso daga ƙauyuka da rigunansu na saƙi da suka sha hayaƙi. Babbansu, aminin Baba tun ƙuruciya, wanda muke kira Baffa, ya zo bakin ƙofar tsakar gida ya sa aka kira ni. Da ya gama addu'a sai ya rage murya.

"Ya hwaɗa ma yayanki mashayar?"

Na ce bai faɗa ba.

"Ke hwa?"

"Ni mace, Baffa, mi zan yi da ita?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce, "Kai, ashsha." Har yau ban san wanne ya fi nufi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Yayana yana zaure yana karɓar gaisuwa, don shi ne babba, shi kaɗai ne kuma namiji a cikinmu. Ana cewa Allah ya jiƙan rai, yana amsa amin kansa a sunkuye. Duk wanda ke zaune a wurin ya san abin da ya shiga tsakaninsa da mamacin. 'Ya'yansa suna tasowa, kuma abin da za su riƙa ji a gari shi ne kakansu ya hana ubansu gado. Shi ya sa na ce bari in faɗi Baban da na sani, ni da na dawo gida bayan rasuwar mijina na yi masa hidima har ƙarshe.

Baba maharbin giwa ne, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Idan rani ya kama yakan ɗauki bindiga da sango, gajeren mashin nan mai dafi da ake ɗura wa bindiga a baki, ya nausa kudu can bayan ƙasar Zamfara, sai an kusa shuka ya dawo. A gidanmu sana'ar tana da dokokinta. Ba a harbin mace mai ciki ko mai ɗa. Toron giwa guda ya ishi maharbi shekara, kuma idan ya faɗi sai a aika ƙauyukan kusa kowa ya zo da wuƙarsa da kwandonsa. Sannan akwai mashaya, wani ruwa a tsakiyar daji da ba ya ƙafewa, inda giwayen ƙasar ke taruwa idan ko'ina ya bushe. Ba a harbi a bakinta. Maharbi kan je shi kaɗai ya laɓe ya zaɓi toronsa, ya bi shi har ya yi nisa da ruwan. Wurin nan shi ne ainihin gadon gidanmu. Uba kan koya wa ɗansa sawu da iska da haɗin dafi tun yana saurayi, amma in za shi mashaya sai ya bar shi a ƙauye yana jira. Ba ya faɗa masa hanyar sai ranar da shi uban ya ajiye bindiga. Haka kakanmu ya yi wa Baba, haka kuma kowa ya ɗauka Baba zai yi wa Yaya.

A gida mutum ne mai ban dariya ba tare da ya yi niyya ba. Ba a jin tafiyarsa ko kaɗan. Sai Inna, Allah ya jiƙanta, tana tsakiyar kai ƙararsa wurin maƙwabciya, ta waiga ta gan shi tsaye a bayanta yana gyaɗa kai kamar ba da shi ake ba. Yana da 'yar jakar toka a wuya, kuma kafin ya zauna ko'ina, ko da tsakar gida ne, sai ya ɗebi kaɗan ya saki ya ga inda iska ta nufa. Inna takan ce, "Malam, giwa na cikin madafi ne?" Shi kuma ya ce, "Hayaƙinki nika gudu."

Ba ya son labarin bajinta. In yaran unguwa suka dame shi ya ba su labarin yadda ya kashe giwa, sai ya ba su na yadda ya ga uwa ta sa hanci ta ciro ɗanta daga taɓo, ko yadda garke ke yayyafa wa gawar ɗan'uwansu ƙasa da ganye kafin su wuce. Yara su tashi suna gunaguni. Labari ɗaya ne yake maimaitawa har muka haddace shi. Yana saurayi ya bi ayarin maharba zuwa Adamawa, can ya ga karkanda, gani ɗaya tak a rayuwarsa, ta fito daga cikin ciyawa tana huci. Da ya manyanta ya tambayi fataken da suka fito daga can, suka ce ai dajin nan an gama da ita, sai an ƙara nisa gabas, amma ƙahonta ana samu wurin masu magani. "Dabba kamar ɗaki," in ji Baba, "ta koma abin ƙullewa cikin tsumma." In ya kai nan sai ya tashi ya shiga ɗaki, mu kuma a lokacin muna ganin tsufa ne kawai.

Da Nasara suka ci Sakkwato abubuwa da yawa sun juye, har da daji. Aka yi shela ba mai harbin giwa sai da takardar izini, takardar kuwa ba ta talaka ba ce. A daidai lokacin kuma masu sayen haure suka yawaita, suna zuwa daga kudu suna biya da irin kuɗin da ake nema wajen haraji. To ka ji fa, an hana a fili ana saye a ɓoye. Samarin da ba su gaji harbi ba suka samo bindigogin da yaƙi ya bari, suka shiga daji ƙungiya-ƙungiya.

Wata shekara Baba ya dawo tun rani bai raba ba, ba haure ba bandar nama. Ya zauna bai saki tokarsa ba. Na kawo masa fura ya ture. Sai bayan kwanaki ya gaya wa Inna, ina daka ina ji. Ungulu ya hango sun rufe sama, ya bi su. Ya tarar da giwaye zube a wani kwari, mata da 'ya'ya, an sassare fuskokinsu da gatari an cire haure an bar sauran. Naman da zai ciyar da ƙauyuka ya kumbura yana wari, kuraye ma sun ci sun gaji. Akwai wata ƙarama da ko haure ba ta fid da ba, kwance jikin uwarta da harbi a wuya, da alama ƙin matsawa ta yi aka kawar da ita.

"Ban yi kuka ga mutuwar ubana ba," ya ce wa Inna, "amma can na yi."

Ranar ya rataye bindigarsa a bango. Muka zuba ido ya aika a kira Yaya kamar yadda aka saba, bai aika ba.

Ba a daɗe ba labarinsa ya kai kunnen wani Bature mai son farauta, ya aiko masinja da doki a ɗauko Baba ya yi masa jagora. Ƙin kiran Bature a lokacin ba abin wasa ba ne. Baba ya fito zaure da sanda, yana jan ƙafar hagu yana nishi, ya ce ai giwa ta buge shi bara, gwiwa ta mutu. Masinja ya dube shi sama da ƙasa, ya ja dokinsa ya koma. Mu muna ciki mun toshe baki da zane don kar dariya ta tona mu. Amma ƙaryar ta zame masa kaya, don masinjan ɗan gari ne, kullum ana haɗuwa da shi a kasuwa. Haka Baba ya yi ta ɗingishi shekara da shekaru, masallaci da ɗingishi, jana'iza da ɗingishi, in ya shigo gida ya jingine sanda ya miƙe garau. Wata rana yakan manta ya ja ta dama, sai in bi shi har zaure in ce, "Baba, hagu ce." A ƙarshe ƙafar ta riƙe da gaske. Ya ce Allah ne ya kama shi da ƙaryarsa, kuma ya karɓi hukuncin.

Maganar Yaya kuwa ba ta dariya ba ce, kuma dole a yi masa adalci. Tun yana yaro ba a koya masa komai ba sai daji. Ba a sa shi jima ba, ba a sa shi fawa ba, karatunsa bai wuce na salla ba. Har furfura ta fara leƙo masa yana jiran ranar da za a ce ga gadonka. Ga mata, ga 'ya'ya, ga haraji, sai kuma shekarar yunwar nan ta zo da mutane suka ci har dusa. A lokacin ne masu sayen haure suka fara zarya a ƙofarsa, don sun ji cewa giwayen da suka tsira sun koma wani wuri da gidanmu kaɗai ya sani.

Ya shigo wata rana bayan azahar, Baba yana gindin bango yana gyaran igiya, ni ina tankaɗe. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, ka aje bindiga. Al'adar gidanga, in uba ya aje bindiga shi ba ɗa hanya."

"Da wa za ka?"

"Da mutanena."

"Mutanenka na da gatari?"

Yaya ya ce, "Toro guda nika so, Baba, na rantse. Ɗiyana na kwana da yunwa."

"Na yarda da rantsuwarka. Kai guda za ka harbi. Waɗanda za su bi sawunka hwa? Wurin ga in sunka gan shi sau ɗaya, rani biyu ba ka iske ko kashin giwa."

"Kakana bai hana ka ba."

"Kakanka bai ga abin da nig gani ba."

Sai Yaya ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gaban Baba ba. Ya ce, "Kai ka kashe su shekara da shekaru, ka ci ka ƙoshi, ka yi suna. Sai da abin yaz zo kaina kat tuba? Da wuyana za ka yi tuba?"

Na saki rariya, ina jiran ƙasa ta tsage. Baba ya ajiye igiyar a hankali ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi." Amma bai faɗi hanyar ba. Kafin wata ya mutu Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma wani gida can wajen gulbi. Inna ta yi ta shiga tsakani har ta koma ga Allah ba ta ga sun zauna tabarma ɗaya ba.

Mutanen da ke cewa Baba ba shi da tausayi ba su san abin da na sani ba. Da ƙafar nan tasa ya shiga noman fadama, tsoho da bai taɓa riƙe fartanya da gaske ba, yana koyo wurin sa'o'in jikokinsa, suna yi masa dariyar yadda yake dashen albasa. Duk abin da ya samu sai ya raba biyu, ya ware babban kashin ya ce mini, "Kai ma matar yayanki, ki ce ke kinka ba ta." Wa za a ruɗa? Ni bazawara ina na ga shinkafar kyauta? Yaya ya gane tun farko. Sau ɗaya ya koro jakin da na ɗoro wa kayan har ƙofar gida. Da gari ya waye Baba ya sake ɗaure kayan ya ce in koma, in kuma daidaici lokacin da Yaya ba ya nan. Daga nan ba a sake korowa ba, ba a kuma taɓa cewa an gode ba.

Ni ma na yi masa tawa, don ban iya ajiye magana. Wata rana na dawo daga gidan Yaya na ga ƙaramar 'yarsa duk ta zube, wuya kamar zare, raina ya ɓaci. Na tsaya a kansa na ce, "Haba Baba! Giwayen nan sun san kana yi? Su za su ɗauki gawarka?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ba su san ni ba, kuma hakanan nika so." Sai dariyar ta ɗauke. "Na kashe da yawa, ɗiyata. Wanga na ɗauka, sana'a ce Allah yab ba mu. Amma in anka ƙare su da bakina, mi zan ce in an tambaye ni?"

Na ce, "In an tambaye ka Yaya hwa?"

Ya ce, "Ita ka hana ni barci." Na koma madafi na zauna, na rasa wanda zan ji wa haushi a cikinsu.

Ciwon ajali ya kama shi da damina. Ƙirji ne, tari ba dare ba rana, har ya daina iya tashi sai na tallafe shi. Maharba sun zo dubiya, kowa ya kewaya ya kewaya ya taɓo zancen, shi kuwa sai ya rufe ido kamar barci ya ɗauke shi. Liman ma ya yi masa nasiha a kan zumunci, Baba ya saurara da ladabi ya ce a taya shi da addu'a. Ranar Larabar da safe ya ce mini in aika a kira Yaya. Wallahi da gudu na je da kaina, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba.

Yaya ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda Baba ya ƙare, sai ya durƙusa a gefen shimfiɗa. Ni ina riƙe da kan Baba a cinyata. Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Ka yahe mani," ya ce.

Hawaye na zuba a gemun Yaya. Ya ce, "Baba, hwaɗa mani in yahe. Don Allah hwaɗa mani."

Na so in wanke Yaya da mari, na kuma so in rungume shi. Mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa yana jiran magana ɗaya, ga ta tana shirin shiga ƙasa a gaban idonsa. Leɓɓan Baba suka fara motsi. Yaya ya kai kunnensa daf da bakinsa. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ni ma so nake ya faɗa, giwaye su yi ta kansu, mu dai a rabu lafiya. Abin da ya fito daga bakinsa kalmar shahada ce. Yaya ya daɗe da kunnensa a wurin bayan komai ya tsaya.

Shi ya ɗauki gaban makara, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. An ce bai bari kowa ya taya shi jera itace ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda shi kaɗai ya sani. Ko giwayensa suna nan har yanzu suna shan ruwansu, ba mai iya gaya mini, tunda wanda ya san inda za a duba ya tafi. Abin da na sani shi ne abin da shirun nan ya ci a gidanmu, don a gabana aka yi.

Da aka yi sadakar arba'in, kaka ta wuce, ciyawa ta fara bushewa, sai ga Yaya da safe ya zo sallama. Bindigar Baba tana kafaɗarsa, gadonsa ce, ba mai hana shi. Mutanen nan nasa suna waje da jakuna suna jiransa. Ya ce zai bi dajin kudu kwari-kwari har ya samo wurin da kansa, ko da zai shekara nawa. Matarsa ba ta da lafiya, don haka ya kawo mini yaran su zauna wurina.

Ya ce, "Jiya na tahi kabari na ce na yahe. Ban sani ba ko ya ji."

Na ce, "Allah ya ji."

Sai ya tsaya a tsakar gida bai tafi ba, na kuwa san abin da yake jira. A gidanmu maharbi ba ya ƙetare zaure sai babbar macen gida ta ce masa Allah ya ba da sa'a. Yanzu ni ce babbar macen gida. Na buɗe baki na ce, "Allah shi kiyaye hanya, Yaya. Allah shi maido ka lahiya."

Ya ce, "Amin." Ya ci gaba da tsayuwa. "Shi ke nan?"

Na dubi bindigar, na dubi yaransa da suka jeru jikin bango suna kallonmu. Na yi ƙoƙari, Allah shaida ne, maganar ta ƙi fita. Ya jira har ya gaji, ya gyara bindigar a kafaɗa ya fita.

Rani ya raba yanzu, ba labarinsa. Kowace salla ina roƙon Allah ya dawo mini da shi da ransa. Abin da ya tafi nema ne har yau bakina ya kasa roƙa masa, yaransa kuwa kullum sai sun tambaye ni me Babansu zai zo musu da shi.